Tun Ran Gini, Ran Zane

Jama'a, maganar da mu ke so mu tayar a wannan mako ita ce ta zanen gari, watau yadda a ke shata hanya da kasuwa da unguwa da magudanar ruwa a bisa takarda tun ba a aza tubali ko guda ba. Mun sani da yawa cikin masu karanta jaridar nan za su ce wannan ai zancen safiyo ne da injiniya, ina ruwan mai tebur da shi, shi da ya ke neman abin da zai kai gida da yamma? To, a yi haƙuri a saurara. Ba wanda zancen nan ya shafa kamar mai tebur. In an zana gari da son kai, rumfarsa ce ke fara cin wuta, atamfarsa ce ke fara jiƙewa, ɗansa ne ke kwana da zazzaɓi cikin ɗakin kwano. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane, domin sun lura in magini ya bari yumɓu ya bushe, zane ba ya kamawa kuma. Gari ma haka ya ke. Kuskuren da a ka yi da fensir cikin minti guda, jikoki ne za su biya shi.

Masu ilmin zamani suna da wata magana da su ke yawan faɗi wajen taro, wai ci gaba mai ɗorewa. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara muradu 17 a kanta cikin 2015, na 11 daga cikinsu kuwa a kan birane ya ke. Kada girman sunan ya firgita kowa. Ma'anarsa a taƙaice ita ce a gina gari yadda mu za mu zauna lafiya, na bayanmu kuma su tarar da ruwa a rijiya, da inuwa a hanya, da filin da za su binne mamatansu. Kano za mu ɗauka misali, domin ita ce uwar kasuwanni a ƙasar Hausa, abin da ya same ta kuwa yana nan tafe ga Katsina da Zariya da Gusau da Maraɗi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

AIKIN MAGABATA

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da ke nan har yau. Abin lura a nan shi ne ba su ja ganuwa ta matse gidaje ba. Sa'ad da Baturen nan Kilafaton ya shigo Kano cikin 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin badala ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Watau mutanen da ba su da ofis, ba su da na'urar awo, sun bar wa 'ya'yansu wurin ƙari, sun bar wurin noma ko da maƙiya sun kewaye gari.

Sa'an nan ga kududdufai. Kowace unguwa inda ta haƙi ƙasar gini, nan ya zama ramin da ke karɓar ruwanta. Ruwa ya zubo daga indararo, ya bi lungu, ya faɗa kududdufi. In ya cika ya tumbatsa ya nufi Jakara, Jakara ta fita da shi bayan gari. Wanda ya tsaya a ramin kuwa ya riƙa tsuma ƙasa sannu sannu, rijiyoyin unguwa su samu. Gwalalon da ya kewaye ganuwa shi ma haka ya ke yi. Ruwan Kano kusan duk cikin wata huɗu ya ke sauka, Agusta ta fi kowane, saboda haka garin da ba shi da inda zai ajiye ruwa na sa'o'i kaɗan, tilas ya ajiye shi cikin ɗakunan mutane.

Gidan kansa ma da hikima a ka tsara shi. Katangar tubali mai kauri ba ta barin zafin rana ya ratsa sai dare ya yi, lokacin da mutane su ka fito tsakar gida shan iska. Rufin azara da ƙasa ba ya gasa mutum. Zaure ya raba baƙo da iyali, lungu ƙunci ya sa katanga ta yi wa katanga inuwa, durumi ko ceɗiya a ƙofar gida ta zama majalisa. Kowa ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, cikin bazara ya ji sanyin da ke ciki, ya san maginanmu sun san rana, sun san iska.

ALƘALAMIN BATURE

Da Turawa su ka ci Kano cikin 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso cikin 1911, sai zanen gari ya koma bisa takarda, takardar kuwa tana ofishin da talaka ba ya shiga. Dokarsu ta garuruwa ta 1917 da ƙa'idodin da su ka bi ta sun sa a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko cuta daga jikinmu ya kai musu. Nassarawa ta sami faffaɗan tituna da itatuwa jere da filayen wasa. Sabon Gari a ka yanka shi layi layi domin baƙi 'yan kudu. Leburori da tsofaffin sojoji a ka tura su Tudun Wada da Gwagwarwa. Daga nan ne mu ka koyi darasin da bai kamata mu manta ba: mai riƙe da fensir shi ke raba inuwa da rana, kuma ba ya taɓa ajiye kansa a rana.

Bayan samun mulkin kai an ɗauko wani gwani, Tirabaliyan, ya tsara yadda Kano za ta bunƙasa cikin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Wa'adin tsarin nan ya cika yau fiye da shekara 40. A ƙidayar 1952 mutanen Kano kimanin dubu 130 ne. A ta 2006 sun haura miliyan 2, yanzu kuwa sun wuce nan nesa. Muna tambaya: wane ɗan kasuwa ne ya taɓa ganin taswirar da a ke bi yau manne a ƙofar kasuwarsa? Dokar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni duka a hannun gwamna, a kan amana ce, domin amfanin jama'a. Amma fuloti na gwamnati bai wadatu ba, wanda ya samu ma sai mai uwa a gindin murhu. Talaka kuwa tilas ya kwana wani wuri, don haka ya tafi wajen mai gona a ka yi masa awon igiya. Da haka yawancin Kurna da Rijiyar Lemo da Rimin Kebe da Ɗorayi su ka tashi, ba a ware filin makaranta ba, ba na asibiti, ba hanyar da ruwa zai bi. Laifin wa? Mutumin da a ka hana awon gwamnati ba a zarginsa don ya yi na igiya.

RUWA DA WUTA

A cikin gari kuwa sai a ka shiga cike kududdufai. Da fari a mai da rami juji, in shara ta cika shi a zuba ƙasa, sa'an nan wata rana a wayi gari an kafa harsashi, an ce mai shi yana da takarda. Har gwalalon gefen badala, a hanyar da ta nufi tsohuwar Jami'ar Bayero, bai tsira ba. Ƙofar Na'isa mai ɗaruruwan shekaru an rushe ta cikin 2010 don faɗaɗa titi. Ruwa kuwa ba ya karanta takardar mallaka. Inda ya saba kwana nan ya ke nufa, in ya tarar da shago ya shiga shago.

Mutanen Kantin Kwari sun ga wannan da idonsu cikin Agusta 2022, sa'ad da ruwan sama ya cika layukan kasuwar, ya shiga shaguna, dilolin atamfa da shadda da leshi su ka jiƙe. 'Yan kasuwar da bakinsu su ka nuna gine-ginen da a ka ɗora bisa hanyoyin ruwa da filayen da dā a ka bari sarari. Wanda ya ci kuɗin filin yana gidansa a bushe, wanda ya karɓi kaya bashi daga hannun dila shi ya kwana yana lissafi.

Wuta ma haka. Cikin Maris 2016 gobara ta tashi da dare a Kasuwar Sabon Gari, ta cinye dubban rumfuna, wata guda kacal bayan ta Kasuwar Singa. Mun yarda gobara tana iya tashi ko'ina, ko a fadar sarki. Amma abin da ke sa wutar rumfa guda ta zama wutar kasuwa duka, zane ne. Kowa ya san kasuwanninmu ya san yadda a ke yanka hanya a mai da ita shago, a yanka wurin sauke kaya a mai da shi shago, har motar 'yan kwana-kwana ta zo ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta da inda za ta kutsa, in ruwanta ya ƙare kuma ba famfon da za ta ɗura a kusa. Wayoyin lantarki sun sarƙe kamar saƙar gizo, ga janareto da galan ɗin fetur a bayan kowane shago. In an ce ƙaddara ce, mu ma mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya sayar da hanyar mota shi ma da hannunsa a ciki.

Sa'an nan ga wata masifa ta uku, watau wannan ya sayar, wancan ya rushe. Shagunan da a ka gina a Filin Idi da izinin gwamnati guda, gwamnatin da ta biyo baya ta rushe su cikin Yuni 2023. Magana ta kai Babbar Kotun Tarayya, ta yanke diyyar Naira biliyan 30, daga baya a ka daidaita a kan biliyan 3. Mu ba mu zo raba gardamar wa ya fi wani gaskiya ba. Abin da mu ke gani shi ne ɗan kasuwa ya biya kuɗin shago, ya yi asarar kaya, diyyar kuma daga baitulmali za ta fito, watau daga harajin da shi ɗin dai ya biya. Da akwai taswira guda wadda doka ta tsare, wadda kowa ya sani, da ba wanda ya isa ya sayar da filin, ba kuma wanda zai saya.

ABIN DA ZA SU CE

Mahukunta suna da amsoshi, ya kamata mu auna su. Za su ce kududdufi matattarar sauro ce da ƙazanta, yara kuma suna nutsewa ciki. Gaskiya ne, Kilafaton ma ya yi kukan haka tun 1824. Amma maganin ciwon ido ba ƙwaƙule shi ba ne. A hana zuba shara, a kewaye rami da shinge, a yashe shi da rani, a zuba kifin da ke cin 'ya'yan sauro, a dasa itatuwa a gefe. A birnin Kuritiba na ƙasar Birazil, sa'ad da Jaime Lana, wanda shi kansa mai zanen gini ne, ya zama magajin gari cikin 1971, sun hana gini a fadamun koguna, su ka mai da su lambunan shaƙatawa masu tafkuna, irin na Barigwi da a ka buɗe cikin 1972. In ruwa ya yi yawa tafki ya cika, gidaje su tsira. Ƙasar Sin kuma ta zaɓi birane 16 cikin 2015 tana kashe kuɗi mai yawa don su riƙa shan ruwan sama kamar soso. Abin da wasu ke saye da tsada, mu gadonsa mu ka yi, a ke binne shi da shara.

Za su ce mutane sun yi yawa, tilas a gina kowane fili. To, in don talakawa a ke cike ramukan nan, talaka nawa ne ya sami ɗaki a ciki? Abin da mu ke gani yana tashi shaguna ne na haya da gidajen mai.

Za su ce 'yan tebur ne ke toshe kwata da hanya. Sai mu tambaya, wa ke zuwa kowace safiya ya yanka wa tebur ɗin rasit? Hukumar da ta karɓi kuɗin wuri ta amince da wurin ke nan. Mai tebur ba don sha'awa ya ke zama bisa lambatu ba. Da mai zanen kasuwa ya tuna da shi ya ware masa gurbi, da can ya ke.

Za su ce kuma ginin ƙasa ya zama tsohon yayi. A je Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, a ga kasuwar da Mariyam Isufu Kamara ta zana, wadda a ka gama cikin 2018. A dā kasuwar mako ce da ke ci a gindin wata tsohuwar itaciya. Ba ta sare itaciyar ba, ta mai da ita tsakiyar kasuwa, ta gina rumfuna da bulon jar ƙasa wanda a ke matsawa da inji, ta kafa faya-fayan ƙarfe masu launi, wani sama da wani, su ba da inuwa iska kuma ta wuce. A can jihar dai, masallacin ƙasa na Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara cikin 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine cikin 1986. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura awo 40, wuta ba ta tsayawa, fetur kuma ya yi tsada tun da a ka janye tallafi cikin Mayu 2023, ɗakin da ke sanyaya kansa shi ne na zamani.

Ba mu ƙi gadojin sama ba. Na Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro sun sauƙaƙa wa masu mota. Amma mutum nawa ne cikin masu shiga Kwari da Kurmi kullum ke da mota? Ɗan dako da mai kura da mai tallan kai da yaro ɗan makaranta, ina tasu hanyar? Ina inuwar da za su tsaya jiran Adaidaita Sahu? Kuɗin gada guda zai shimfiɗa hanyar ƙafa mai nisa, ya dasa dubban darbejiya, ya yashe kwatoci na unguwanni da yawa. Sai dai kwata ba a yanka mata kirtani a buga hoto.

ABIN DA MU KE NEMA

Na farko, a fito da taswirar gari fili. A buga ta da Hausa, boko da ajami, a manna ta a ƙofar kowace kasuwa da gidan kowane mai unguwa, a nuna da jan alli wurin da ba a ginawa har abada: hanyar ruwa, kududdufi, maƙabarta, filin idi, filin makaranta, gindin badala. A kai ta majalisa ta zama doka, yadda gwamna guda ba zai iya soke ta da sa hannu cikin dare ba.

Na biyu, kada a sāke zana kasuwa ko a tashe ta sai da wakilan masu cinta a zaune, kuma ba manyan diloli kaɗai ba, har da 'yan tebur da 'yan dako da mata masu abinci. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Mai shago a Kwari zai nuna wa injiniya inda ruwa ke fara taruwa ba tare da ya duba littafi ba.

Na uku, kowace kasuwa a buɗe mata hanyoyin da motar kashe gobara za ta shiga ta fita, a haƙa mata rijiyar burtsatse da tankin da ba a taɓawa sai ran wuta. Wanda hanyar ta bi ta kan shagonsa, in da takarda ya saya, a ba shi wani wurin kafin a taɓa nasa, ma'aikacin da ya sayar masa kuma a kai shi gaban alƙali.

Na huɗu, a ƙidaya kududdufan da su ka rage, a rubuta sunan kowanne, a danƙa tsaronsa ga mutanen unguwarsa tare da hukuma. Na biyar, a riga awon igiya zuwa gona. Tun gari bai kai can ba, Hukumar Tsara Birane ta je ta zauna da masu gonaki, ta shata hanya da kwata da filin makaranta da na kasuwa, sa'an nan ta bar su su sayar da saura da araha. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kafa turaku a gona kuwa ya fi rushe gidan marayu sauƙi.

Waɗannan abubuwa biyar ba su bukatar rance daga waje. Suna bukatar mutanen da za su nace. Saboda haka muna kira ga kowace ƙungiyar 'yan kasuwa, daga Kurmi zuwa Dawanau, da kowace ƙungiyar unguwa, ta sa maganar nan cikin taronta na gaba tun damina ba ta kama ba. Ku zagaya ku rubuta kowace hanyar ruwa da a ka toshe, da kowane layin da mota ba ta iya shiga, ku sa hannu, ku kai wa kansila da ɗan majalisarku, ku ajiye kwafi. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a kuma, kafin ya fara lissafa gadoji, ku ce ya shimfiɗa taswira a tabarma, ya nuna muku da yatsa inda ruwan Agusta zai bi, da inda motar kwana-kwana za ta shiga. In ya iya, ku saurare shi. In ya kāsa, kun san irin zanen da zai yi muku.